Ƙuri'ar Mai Shanu

A shekarar da wani dutse ya yi aman wuta can wajen ƙasar ƙanƙara, tokarsa ta turnuƙe sararin Turai har aka hana jiragen sama tashi, a shekarar ce na ci bashin ƙuri'a. Ina Manchester a lokacin, muna zaune ni da maiɗakina a wani ɗan flat a Withington, ina bincike a jami'a a kan tsofaffin takardun ajami. Allah ya ba mu 'ya mace, surukata ta zo daga Kano don wankan jego. Ta gama kwanakinta, ta ɗaure kaya, sai aka ce babu jirgi. Da tokar ta lafa aka buɗe hanya, sai ita kuma ta ce ba ta yarda ba.

"Wa ya hau ya share?" in ji ta. "Ni na yi girki da itace shekara da shekaru, na san halin toka. A bar ta ta gama sauka tukuna."

Ba a musu da suruka. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya kai mu.

Hajiya ba mace ce da ta saba zama haka kawai ba. A unguwarsu ita ce shugabar mata ta wata jam'iyya tun ina makarantar allo, kuma babu kansilan da ya taɓa hawa kujera a wannan yanki bai durƙusa a tsakar gidanta ba. To, ga ta a ɗaki ɗaya da falo, babu wanda za ta tara sai jaririya. Sai ta huce a kan madara. Duk wadda na sayo daga kanti sai ta ɗanɗana ta ce ruwan alli ne, ba za ta yi kindirmo ba, kuma mai jego ba ta rayuwa babu fura. Gero dai na samo a Cheetham Hill. Nono ne ya gagara, har wani bawan Allah a masallaci ya yi mini kwatancen wani tsohon Bature mai shanu a bayan gari, wajen tsaunuka, wanda ke sayar da madara a ƙofar gonarsa yadda ta fito daga saniya.

Ranar Asabar muka ɗauki jarka muka hau bas, muka sauka muka hau wata. Hajiya ta ce sai ta ga saniyar da idonta.

Tsohon dogo ne, ramamme, da hular ulu da takalmin roba har gwiwa. Hajiya ta duba shanun ta ce babu laifi, sai dai ba su da tozo, Allah ya ƙara musu lafiya. Muna jiran ya cika jarka sai na ga ta tsaya cak tana kallon bangon rumbun ciyawa. Fastoci ne a jere, duk fuskar mutum ɗaya. A na farko gashinsa baƙi wuluk, a na tsakiya furfura ta fara leƙowa, a na ƙarshe kuwa ga shi yadda muke ganinsa. Hajiya ba ta karanta boko, amma fastar ɗan takara ko a duhu ta shafa ta za ta gane.

"Malam," ta ce da ni, "tambaye shi, wace kujera yake nema?"

Na tambaya. Tsohon ya ajiye jarka a hankali, kamar wanda ya daɗe yana jiran a yi masa wannan tambaya. Ya ce mu shigo mu sha shayi.

A kicin ɗinsa na fara jin tarihin mazaɓar. Ya ce ita mazaɓa iri biyu ce a ƙasar nan, akwai ta birni, akwai ta gunduma, wato ta mutanen karkara masu gonaki da tumaki. Tasu ta gunduma ce, kuma a da faɗinta sai mai doki ya wuni bai ƙure ta ba. A farkon zamani gidaje biyu na masu ƙasa ne ke karɓar kujerar bi da bi, kamar 'yan adashi. Daga baya masu masaƙu suka yi kuɗi suka ƙwace. Aka yi wani wakili da har ya mutu bai san hanyar garin ba. Aka yi wani da ya yi shekaru a majalisa bai buɗe baki ba, kuma a cewar tsohon shi ne mafi alheri a cikinsu. Ya ce a zamanin kakannin kakanninsa babu ɓoye-ɓoye, a dandali mutum zai tsaya ya faɗi wanda yake so da bakinsa, bayan an ɗauko shi a amalanke an cika masa ciki da nama da abin sha.

Ina fassarawa, Hajiya tana gyaɗa kai. "Ashe a nan aka yanke wa abin cibiya," ta ce. "Su suka koya mana, suka dawo suna aiko mana da masu sa ido."

Wannan ban fassara ba.

Tsohon ya ci gaba. Birni ya yi ta girma yana cin mazaɓar da gefe da gefe, masu shata iyaka suna yanka suna rabawa, har wata shekara yana saurayi aka soke ragowar gaba ɗaya, aka shafe sunanta, aka liƙa ƙauyensu a jikin wata mazaɓa mai sunan garin da suke gaba da shi tun a wasan ƙwallo. Tun daga ranar bai bar zaɓe ya wuce shi ba. Ba shi da jam'iyya, manufarsa ɗaya ce tak: a mayar musu da mazaɓarsu. Kowane zaɓe sai ya sayar da maraƙi ya biya kuɗin ajiya da ake karɓa wurin ɗan takara, kowane zaɓe kuɗin sai su nutse saboda ƙarancin ƙuri'a. Ga wani zaɓen ya ƙarato, maraƙin bana ma ya riga ya tafi.

Hajiya ta gyara mayafi. Na san wannan gyaran mayafin.

"Tambayi Onorabul, me ya raba wa mata?"

Ya ce bai raba komai ba, doka ta hana.

"Ko sabulu?"

Ko sabulu.

"Gishiri fa? To, wa yake masa waƙa?"

Ya ce babu mai masa waƙa. Yana dai bin gida-gida a kan keke yana zura takarda ta ƙofa, wani lokaci kare ya karɓa.

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Wannan ba takara yake ba, azumi yake." Ta juyo gare ni. "Malam, ba kai ne na ga an aiko maka da katin zaɓe ba?"

Haka ne. Mu 'yan ƙasashe renon Ingila an yarda mu yi zaɓe a can in muna zaune, kuma na yi rajista. Maiɗakina ce ba ta yi ba, laulayi ya sha kanta a lokacin.

"To, ka ba shi. Mutum ya ba mu nonon kirki, ya shayar da mu shayi da kofin baƙi. Ka ba shi hannu ka yi masa alkawari, ina kallo."

Ni dai na san ba a ba da abin da ba a mallaka ba, don haka na ce bari in duba ko muna cikin yankinsa. Akwai taswira a bango, cikin gilashi, takardarta ta yi ja-ja-ja saboda tsufa, an zagaye mazaɓar da jan layi. Ni kuwa mutum ne da aka rena a kan cewa tsohuwar takarda ta fi sabuwa gaskiya. A aikinmu, in kwafi biyu na littafi suka saɓa, wanda gara ta fi ci shi ake bi. Na bi da yatsa har na sami Withington, ga ta zaune daram a cikin jan layi. Na nuna wa tsohon na ce nan nake.

"Tamu ce!" ya ce, har da buga tebur. "Duk tamu ce!"

Ban tambaye shi yaushe ba. Na miƙa masa hannu na ce ƙuri'ata tasa ce, alkawari ne. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sa'annan ya zaro wani ƙaton hankici ya fyace hanci.

Ranar zaɓe na sa babbar riga. Hajiya ta raka ni har bakin matakala da addu'a, ta ce in na jefa kada in taho, in tsaya in kasa in tsare. A wata makarantar firamare ake yi. Babu layi, babu ɗan sanda, babu mai sayar da ruwa, sai wasu mata biyu a bayan tebur da fensir ɗaure da zare. Aka ba ni takarda na shiga lungu. Na karanta sunaye daga sama zuwa ƙasa, babu tsohon. Na karanta daga ƙasa zuwa sama. Har na juya bayan takardar, don a ajami mun saba a kan ƙarasa magana a gefe. Na koma wurin matan na ce an yi kuskure, an cire mini ɗan takara. Ɗaya ta tambayi sunansa da garinsa, ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi, ta ce ai wannan wata mazaɓa ce can dabam. Na ce na gani da idona a taswira. Ta ce ta wace shekara? Sai na kama hanyar fita.

Na dawo gida, Hajiya ta ce in nuna mata babban yatsana.

"Ina tawadar?"

Na ce nan ba a dangwalawa, da fensir ake yi.

"Fensir? Wanda ake gogewa? To, sun gama da Onorabul." Da na yi mata bayanin abin da ya faru kuwa, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, kai ne mai karatu, ba ni ba. Amma ni a gabana ka ba da hannu. Bashi ne."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin ya tsaya mini a rai. Mun san abin da aka ce game da mai yin alkawari ya saɓa, ba na son a tashe ni a cikin wannan layi saboda fensir. Mafita ɗaya ce, mai haƙƙi ya yafe. Da na koma sayen madara sai na zayyana wa tsohon komai, na ce ya yafe mini. Ya yi dariya har da riƙe ƙofar garke. Ya ce taswirar ta girmi kakansa, lokacin Withington gonaki ce. Sa'annan, don ya faranta mini, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu. Ajiye mini ita, wata rana zan karɓa."

Shi a ganinsa ya sallame ni. Ni kuwa na zo da bashi na koma da amana.

Hajiya ta tafi bayan ta tabbatar toka ta sauka. Gwamnatin da aka kafa bayan wannan zaɓe ta shigo da tsuke bakin aljihu. Aka fara rufe ɗakunan karatu na unguwanni, aka rage bas, aka rage ma'aikata. Kuɗin bincikenmu na cikin abin da wuƙa ta hau, domin in ana neman abin yankewa ba a daɗe ana shawara a kan mai karanta wasiƙun fatake na shekara ɗari. Muka tattara muka koma Birmingham, inda na samu aikin tafinta a asibitoci da ofisoshin council, wato ƙaramar hukuma, aikin da yau akwai gobe babu. Na ƙara nisa da mai amanata.

A Birmingham ina da aboki likita, Bazazzagi, wanda tun muna samari ba ya ganina bai tsokane ni ba. Na yi kuskuren ba shi labari.

"Kai, Bakano!" ya ce. "Kowa a ƙasar nan bashin mortgage na sayen gida ke hana shi barci, kai bashin ƙuri'a. Ko a nan ma sai da ka nemo haja mai araha."

Na ce ya bar wasa, ya ba ni shawara.

"Ka yi kaffara."

Na ce ba rantsuwa na yi ba, alkawari ne.

"To, ka yi rajista da adireshin gonar. Ka ce kai ne na uku daga hagu a garke."

Na ce wannan ƙarya ce.

"Ƙarya ce mai kai mutum kurkuku ma. In ka shiga zan riƙa kawo maka fura."

Hajiya kuma duk ranar Juma'a in ta kira, bayan ta gaisa da 'yarta ta ji muryar jikarta, sai a miƙo mini waya. Mu gaisa, in tambayi mutanen gida, ta tambayi sanyi. Sai ta ce, "Malam, ya maganar Onorabul?" In ce ana nan ana addu'a. Ta ce addu'a ba ta shiga akwati.

Da babban zaɓe na gaba ya fara ƙaratowa, na zauna na yi nazari, na ga hanya ɗaya ce ta halal: mu koma ƙauyen da zama na gaskiya. Tsohon yana da wani ɗaki mai taya a bayan rumbu. Na kawo wa maiɗakina maganar a hankali, bayan ta ci ta ƙoshi.

"Malam," ta ce, "na bar Kano na biyo ka Manchester, na bar Manchester na biyo ka Birmingham. In kana so ka koma cikin shanu, Allah ya kiyaye hanya. Ka dai bar mana kuɗin heating na ɗumama ɗaki."

Maganar ta mutu a nan. Zaɓen ya zo ya wuce, wani maraƙin ya tafi, ni ina Birmingham da amanar mutum a wuyana.

Ina kiran tsohon jefi-jefi mu gaisa. Wata rana da kaka na kira shi sai na ji muryarsa da ƙarfi kamar an yi masa allura. Ya ce takara ta taso. Council ta ce ba ta da kuɗin kula da banɗakin jama'a da ke dandalin ƙauyen, za ta rufe. Mutanen gari suka ce ba za a yi haka ba, masu yawon tsauni da tsofaffi ina za su? Suka kafa ƙungiya za su riƙe shi da kansu, kuma za a zaɓi shugaba. Shi ya fito, domin yana so a sa wa ƙungiyar sunan tsohuwar mazaɓa a rubuta shi a saman ƙofa.

Na gyara riƙon waya. Na ce, "Baba, wa ke da ikon zaɓe?"

Ya ce duk wanda ya biya 'yan sulallan shiga ƙungiya.

"Ko daga ina yake?"

Ya ce banɗaki ai ba ya tambayar mutum garinsu.

Likita ne ya kai ni a motarsa, ya ce ko aikin tiyata ne da shi sai ya ɗaga don ya ga wannan rana. A wani zauren taro na ƙauyen aka yi, da rana, kowa da rigar sanyinsa saboda an daina kunna abin ɗumama ɗaki. Na biya aka rubuta ni. Likita ma ya biya, na ji daɗi, na ce ashe Zazzau ma ana samun mutanen kirki.

Abokiyar takarar tsohon wata dattijuwa ce, tsohuwar nas, wadda tun da aka fara rikicin ita ke zuwa da bokiti da tsintsiya tana wanke wurin. Ta tashi ta yi magana gajeriya a kan sabulu da makulli da wanda zai riƙa buɗewa da safe. Aka tafa. Tsohon ya tashi ya gyara kwala, ya fara daga gidaje biyu na masu ƙasa. Ya iso kan masu masaƙu ke nan mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙare. Ya roƙi a bar shi ya kai ga wakilin da bai san hanyar gari ba, aka ce a'a, shayi na hucewa.

Aka ce masu son dattijuwa su ɗaga hannu. Zaure ya cika da hannuwa. Na duba gefena, ga na Likita a sama.

"Kai, Bazazzagi!" na ce a hankali.

"Ni ma'aikacin lafiya ne," ya ce. "Maganar tsafta ake."

Na duba gaba, sai ga hannun tsohon shi ma a sama. Daga baya ya gaya mini haka ubansa ya koya masa, mutumin kirki ba ya zaɓen kansa, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yi ba.

Aka ce masu son tsohon. Na yi bismilla na ɗaga. Hannun babbar riga ya zame har kafaɗa, sanyi ya shige ni. Mai ƙirga ya tsaya yana waige-waige ko akwai wani a bayan ginshiƙi, ni kuma ban sauke ba, don ban ji an ce a sauke ba. Duk zauren ya juyo yana kallona. Wata tsohuwa ta tambayi maƙwabciyarta da ƙarfi ko tambaya gare ni. A ƙarshe mai gabatarwa ya ce an gode, na iya hutawa.

Aka ba dattijuwa makulli. Abu na farko da ta yi a mulkinta shi ne buɗe mana wurin muka yi alwalar la'asar, muka yi salla a kan ciyawa a gefen mota.

Da muka idar sai ga tsohon yana jiranmu, da jarkar madara a hannu. Ni kuwa akwai sauran abin da ke cina. Na ce, "Baba, ina da tambaya. Ni ta majalisa na yi maka alkawari, wannan kuwa ta banɗaki ce. Ban sani ba ko ta isar."

Ya kalli dandalin. Ya ce duk zaɓen da ya tsaya yakan sami 'yan ƙuri'u, ba su da yawa. Washegari kuma duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce yana cikin waɗanda suka ba shi, har masu faɗin haka su ninka ƙuri'un. Ya ce ya tsufa bai san ko mutum ɗaya da ya tabbata ya zaɓe shi ba. Yau ya ga hannu, da mai hannun.

Na ce, "To, ka karɓi ajiyarka?"

"Na karɓa."

"Babu saura?"

"Babu saura."

Na ce ya ƙara faɗa a gaban shaida. Likita ya cire hula ya ce ya shaida, ko da yake shi ɗan adawa ne. Tsohon ya maimaita, ya miƙo mini hannu, na kama. Na ce alhamdu lillahi.